Kurakuran da Nake Aika wa Auta

Lahadi, da yamma

Yaya ya zo yau. Ko zaman kirki bai yi ba, ya ɗosana a hannun kujera da makullin mota a hannu, ya ce ƙarshen wata. Idan wata ya ƙare Auta ba ta fito daga ɗakin nan ba, ba ta ci abincin kirki ba, ba ta yi magana da kowa ba, zai zo ya kai ta asibiti a kwantar da ita. Wai har ya ga likita. Umma ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Na ce babu inda za a kai ta.

Ya ce, "Malama, ke ce likitan?"

Na ce, "Ni yayarta ce."

Ya ce, "Ni kuma maƙwabci ne ko?"

Shi bai sani ba. Ranar da muka dawo da ita daga asibiti, a bayan mota, ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni, ta ce, "Anti, kar ki bari a mayar da ni can." Na ce ba zan bari ba. Tun daga nan ban ƙara jin muryarta ba, kuma babu wanda ya ji. Ta shige ɗakinta na kafin aure ta ja ƙofa. Tire muke ajiye mata a bakin ƙofar, mu ɗauke shi kusan yadda muka ajiye.

Bayan tafiyarsa na share falon da aka riga aka share.

Litinin, a shago, kafin a fara ciniki

Uwar ɗakina ta ce in gyara kantar takalman yara. Na ce bayana na ciwo, bari in yi ta maza. Ta dube ni, ta gane, ta je ta gyara da kanta. Shekara da shekaru ina sayar da takalma a shagon nan, ban taɓa zille wa aiki ba sai yau.

Talata, da yamma

Na rasa yadda zan yi da hannuwana. Na wanke labule, na jera tukwane, na sauke su na sake jerawa. Na hau kujera zan goge saman kabad, sai ga tsohuwar kwamfutar Auta. Bara ta kawo min ita da darussa a ciki, wai sai ta koya min aikinta na rubuta wa kwamfuta umarni, kodin kamar yadda suke cewa. Darasi ɗaya na yi, na ce mata kaina ba na wannan ba ne. Ta ce, "Kan da ya haddace lambar ƙafar rabin unguwa?"

Na kunna. Darasin farko, ka sa kwamfuta ta gaishe ka. Na rubuta, ta gaishe ni. Na biyu, akwati mai suna: ka zuba lamba a ciki, in ka kira sunan sai lambar ta fito. Na ce wannan ai kwalin takalmi ne da takarda a goshi. Na uku, idan kaza ne yi kaza, in ba haka ba yi kaza. Nan ta watso min jan rubutu. Na goge na sake, ja. Na sake, ja. Raina ya ɓaci, na manta halin da ake ciki, na miƙe da kwamfutar na je ƙofar Auta na ce, "Ke Auta, zo ki ga abin nan naki, zagina yake yi."

Sai da na rufe baki na tuna. Na yi tsuru-tsuru a wurin. Kunya ta sa na ɗora kwamfutar a kan tiren abincinta na shige kicin.

Laraba, da sassafe

Tiren yana waje, kwamfutar tana kai a rufe. Na buɗe, babu jan rubutu. A ƙarƙashin layin da ya hana ni sakat akwai wani sabon layi mai launin toka wanda ba ni na rubuta ba:

ɗigo biyu a ƙarshen layi, Anti.

Na kira Umma ta zo ta gani. Ta ce ba ta san inda tabaranta yake ba, in karanta mata. An gutsiri burodin, shayin kuma ya sauka rabi.

Laraba, tsakar rana

Na ba wani mutum ƙafar dama biyu. Sai da ya kai bakin titi ya dawo.

Alhamis, da yamma

Ashe layin nan mai launin toka kwamfuta ba ta karanta shi. Na mutane ne, bayanin gefe da mai rubutu ke bar wa wanda zai duba bayansa. To alhamdu lillahi, mun samu inda za mu haɗu.

Yau zagaye na koya, wato ka sa kwamfuta ta maimaita aiki ɗaya ba tare da ka yi ta rubuta shi ba. Na ce ta rubuta "takalmi". Ta fara. Takalmi, takalmi, takalmi, allo ya cika yana gudu, fankar ciki ta fara kuka, na danna duk abin da yatsana ya kai, ko a jikinta. Umma ta leƙo ta ce, "Ke, ba dai kin ƙona mata kaya ba?" Na kife murfin da sauri, na kai bakin ƙofa tare da shinkafa da ayaba.

Na koma falo. Na tashi na leƙa. Na koma. Na sake tashi. Umma ta ce in zauna ko in fita, na hana ta jin labarai.

Juma'a, da safe

ba ki gaya mata inda za ta tsaya ba. ita ba ta gajiya.

A ƙasa ta nuna min maɓallan da ake dannawa in abu ya ƙi tsayawa. Ta cinye ayabar.

Juma'a, bayan na taso daga shago

Motar mijin Auta tana ƙofar gida. Kullum haka yake yi, ya zo ya kashe mota ya zauna a ciki, ba ya shigowa, don ranar da ya shigo ta jingina kujera a bayan ƙofa. Ya fito ya gaishe ni. Rigarsa ta yi masa yawa. Na gaya masa zancen kwamfuta, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Anti, ta ambace ni?"

Na ce, "Ɗigo biyu ta ambata."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya daɗe yana juya waya a hannu, sannan ya ce ƙaramin gadon jaririn nan fa, ya kwance shi ne ko ya bar shi yadda yake? Na ce ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Me ya sa kowa ni yake tambaya?

Lahadi, da rana

Jeri. Akwati ɗaya mai ɗaukar abubuwa da yawa a jere. Na zuba lambobin takalman mata, na ce ta ba ni na ɗaya, ta ba ni na biyu. Na ce na ƙarshe, ta ce wai babu shi, da jan rubutu. Da idona ina ganinsa! Na rubuta wa Auta a gefe cewa kwamfutar nan ta tsufa, lissafi ya fara kuɓuce mata.

Amsa ta dawo kafin rana ta yi sanyi, ba a jira safiya ba:

daga sifili take fara ƙirga, ba daga ɗaya ba. kar ki yi mata gardama, ba Yaya ba ce.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta juye. Auta ce. Bakinta ne sak. Tana nan a bayan ƙofar nan da bakinta gaba ɗaya, ta ƙi buɗe shi ne kawai.

Wane mai hankali ne zai fara ƙirga daga sifili? Har yanzu ban yarda ba, amma na bi.

Litinin, da safe

Ta ci ƙwai da rabin burodi. Jiya na ji ta buɗe taga.

Talata, a shago, lokacin cin abinci

Darasi ya kawo tari da layi. Tari shi ne wanda aka ajiye ƙarshe shi ake fara ɗauka, layi kuwa wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. Dogon bayani suka yi da zane-zane, alhali sitonmu ne da bakin kanta. Kwalin da ke ƙasan tari sai ya shekara ba a taɓa shi ba, na sani, ni nake fitar da su da ƙura.

Wanda ya ba ni wuya shi ne jera lambobi daga ƙarami zuwa babba. Ni in na kalli kwalaye na san wanne ke gaban wanne. Ita kwamfuta ba ta kallon duka, biyu kawai take iya dubawa a lokaci guda. Ka duba na farko da na biyu, in na farko ya fi girma ka musanya su, ka matsa gaba, in ka kai ƙarshe ka dawo ka sake. Ban gane ba sai da na shiga sito na baje kwalaye a ƙasa, na rufe ido ɗaya, ina ɗaga biyu-biyu ina musanyawa. Uwar ɗakina ta same ni a haka.

Ta ce, "Lafiya kuwa? Ko mu ma mu fara neman likita?"

Na ce algoridim nake yi, haka darasin ya kira shi. Ta ce in gama da shi in zo, akwai mai neman silifa.

Laraba, da yamma

Kurakurai kaca-kaca a jerawar. Auta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, bayanin gefenta ya fi abin da na rubuta tsawo. Ta cinye abincin rana tas. Umma ta ɗauki farantin tana juya shi kamar yau ta fara ganin faranti.

Alhamis, da yamma

Yaya ya biyo ta gida. Ya ce, "Ta yi magana?"

Na ce, "Tana rubutu."

"Ba shi na tambaya ba."

Na buɗe masa kwamfutar. Ya bi layukan da yatsa. Da ya zo inda ta ambace shi ya yi murmushi, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga. Na ɗauka na ci nasara. Sai ya ce ya ji daɗi, amma maganarsa tana nan. Ya ce ranar nan ya ga hannunta lokacin da ta miƙo shi za ta ja tire, kuma wannan hannun ba na mai lafiya ba ne.

Na ce, "Yaya, a ba ni lokaci."

Ya ce, "Ni ba da ke nake faɗa ba. Tsoro nake ji, kamar yadda kike ji."

Na fi son ya yi min tsawa. In ya yi tsawa na san yadda zan yi da shi.

Asabar, da rana

Neman rabi-rabi. In jeri a tsare yake, ba sai ka bi shi daga farko ba. Ka duba tsakiya, in abin da kake nema ya fi shi girma ka watsar da rabin ƙasa, ka sake duba tsakiyar abin da ya rage. Haka nake neman lamba a kanta tun ban san yana da suna ba. Na rubuta, na danna, ya yi. Karon farko, babu ja ko ɗigo. Na canza lamba, ya yi. Na nemi wadda babu, ya ce babu.

Na yi rawa a kicin ni kaɗai. Na ɗora a tire na kai mata, ina ji da kaina.

Lahadi, da safe

Babu bayanin gefe. Ko kalma. Abincin yana nan yadda na kai shi.

Lahadi, da yamma

Na yi wani, na ƙirga takalman da suka rage a kowace lamba. Shi ma ya yi daidai. Na kai.

Litinin, da safe

Babu komai. Shayin ya yi fata.

Litinin, a shago

Tun safe nake juya abin a raina, na ba da canji ba daidai ba, na bar kwastoma da ƙafa ɗaya a takalmi na shiga sito na manta abin da na je ɗauka. Ba sai an gaya min ba. In akwai gyara tana zama ta yi, in ta zauna hannunta yana kaiwa ga faranti. In babu gyara babu abin da zai tashe ta daga gado. Wato iyawata ce ta hana ta cin abinci. Kuma wata ya raba tsakiya tuni.

Litinin, da yamma

Na rubuta na yau daidai, na gwada, ya yi. Sannan na koma na cire ɗigo biyu a wuri ɗaya, na mayar da sifili ɗaya a wani wurin, na juya wata alama ta kalli baya. Jan rubutu ya fito. Ban taɓa jin daɗin ganinsa ba sai yau.

Talata, da safe

Ta gyara duka. Ta ci.

wannan ai kin wuce shi, Anti. hankalinki yana ina?

Yana wurinki, ina kuma zai je.

Laraba, da yamma

Na gaya wa Umma abin da nake yi. Na zaci za ta yi faɗa. Ta ci gaba da yankan albasa, can ta ce, "To yau ki ƙara mata da yawa, kifi na saya."

Alhamis, tsakar rana

Ɓata abu ma ashe sai da ilimi. In na cire abu mai sauƙi tana gamawa nan da nan, ba ta kai ga faranti ba. Sai na nemi wurin da zai ɗaure kai, inda ba za a ga ja ba amma amsa ta fito a karkace. Don in san inda zan ɓata, dole in fahimci kowane layi fiye da da. Ban taɓa karatu irin na makon nan ba, ko a makaranta.

Ba na jin daɗinsa. Ina rubutawa a nan don in faɗa wa wani: ba na jin daɗinsa ko kaɗan. Amma tana ci.

Juma'a, da yamma

Motar tana waje. Ban tsaya ba, na ɗaga masa hannu kawai.

Asabar, da safe

Kwamfutar ta dawo. Aikina yana nan daidai, amma ba gyaran Auta ba ne. Nawa ne, yadda na rubuta shi da farko kafin in ɓata, har da sunan banzan da na ba wani akwati na canza daga baya. A ƙasa layi ɗaya:

na danna koma-baya.

Ban gane ba. Na nemi maɓallin na danna, sai layin nata ya ɓace. Na danna na gaba, ya dawo. Na ci gaba da dannawa, sai ga kurakuraina suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, a jeren da na saka su. Ashe duk abin da hannu ya taɓa kwamfutar tana riƙe da shi. Ni na ɗauka in ka goge abu ya tafi kenan, kamar allo. Babu darasin da ya gaya min. Kullum a buɗe nake miƙa mata aikin, da sawuna gaba ɗaya a kai.

Ba a taɓa abincin ba.

Asabar, da yamma

Na kai tire da kwamfuta. Ba ta buɗe ƙofa ba.

Lahadi, da safe

Suna nan inda na ajiye.

Lahadi, da rana

Na tsaya a ƙofar na ce ta yi haƙuri. Na ce ba raina mata hankali na yi ba. Na ce to ta fito ta zage ni mana, ai ta iya. Shiru. Ruwa kawai take ɗauka, shi ma sai ta ji babu motsin kowa.

Umma ba ta ce min komai ba, kuma hakan ya fi ciwo. Ta mayar da sauran kifin firji.

Litinin, a shago

Wata mata ta shigo da goyo tana neman na ɗan watanni, mai laushi, wai ya fara ƙoƙarin tsayawa. Uwar ɗakina ba ta nan. Ni na ɗauko mata. Ni na gwada masa.

Na rufe shago da wuri.

Talata, da yamma

Na buɗe darasi don kar in haukace. Aikin da ke kiran kansa da kansa: ka raba jeri biyu, ka ba shi kowane rabi ya jera, shi ma ya raba ya ba kansa, har a kai ga abu ɗaya-ɗaya, sannan a haɗo su a tsare. Na karanta, na sake karantawa, na zana a bayan kwali. Na rubuta. Lamba ɗaya tana ɓacewa a hanya, kullum ta ƙarshe, kuma ban san inda take faɗuwa ba. Wannan na gaske ne. Na bi shi layi-layi har idona ya yi yaji.

Na rubuta a gefe, wallahi tallahi wannan ban sani ba. Na kai. Wa zai yarda da ni yanzu?

Laraba, da safe

Ba a ɗauka ba.

Laraba, da yamma

Na zauna a ƙasa na jingina da ƙofarta, na buɗe kwamfutar a cinya na karanta mata aikin da baki, layi bayan layi, har da ɗigo da waƙafi. Umma ta wuce da bokiti ta kalle ni ta kau da kai. Da na gama na ce, "Kin ji. Ta ƙarshen ce ke ɓacewa." Na ji motsin gado, shi ke nan.

Sai haushi ya taso min. Na ce mata ni ma mutum ce. Na ce ba ita kaɗai ta yi rashi ba, ni na saƙa hular nan, tana cikin jakata har yau na rasa inda zan kai ta. Na faɗi abin da tun ranar babu wanda ya faɗa a gidan nan. Ban san ko na kyauta ba.

Alhamis, tsakar rana

Yaya ya bugo. Ya ce Asabar da safe zai zo ya ɗauke ta.

Juma'a, da yamma

Na goge kayan da ba nawa ba. Na wanke firji. Na shirya abin da zan gaya wa Yaya, na rushe, na sake shiryawa. Zan tsaya a ƙofar ne kawai. In zai shiga sai dai ya ɗauke ni tukuna, kuma ya san nauyina.

Asabar, da yamma

Ya zo da wuri. Mijin Auta ma ya zo, ya tsaya daga bakin falo bai ƙaraso ba. Na riga na ja kujera na zauna a ƙofar ɗakin, na harɗe hannu.

Yaya ya ce, "Don Allah kar mu yi haka a gaban Umma."

Na ce, "Na yi mata alkawari. A mota, ranar da muka dawo. Ta ce kar in bari a mayar da ita, na ce ba zan bari ba."

Ya ce, "Me ya sa ba ki gaya min ba?"

Na ce, "Da na gaya maka da ka fasa?"

Muna cikin haka na ji ana taɓa makulli a bayana. Ƙofar ta buɗe ta bugi kujerata.

"Anti, matsa."

Muryar ta dushe, kamar ta mai mura. Tana sanye da doguwar rigarta mai ruwan ƙasa, ta yafa mayafi, da ƙaramar jaka a hannu. Yaya bai yi ƙarya ba game da hannun. Ni da nake kai tire kullum ban gani ba, ko na ƙi gani. Umma ta fara salati tana kuka. Ni ban matsa ba.

Na ce, "Ke kika ce kar in bari."

Ta ce, "Ni na ce. Yanzu kuma na ce ki bari."

Na ce ai ga shi ta yi magana, ta fito, sharaɗin Yaya ya cika, babu inda za ta je. Na juya na ce, "Yaya, ka ji ta da kunnenka." Yaya ya ce ya ji, kuma in ta ce a fasa an fasa.

Ta girgiza kai. Ta dafa bango, don tsayuwar ma wuya take ba ta. Ta ce, "Ranar nan na zauna ina danna koma-baya, ina kallon aikinki yana gyara kansa. Kin iya, Anti. Kin iya sosai. Ki zauna ki yi abu daidai, sannan ki bi shi da hannunki kina lalatawa, don kawai in sha shayi. Da farko haushinki na ji. Daga baya na ce, to ni wane hali nake ciki da har sai an yi min haka?" Ta numfasa. "In na ƙara wata ɗaya a ɗakin nan, gado biyu Yaya zai nema."

Na ce, "Tsoron wurin kike ji."

Ta ce, "Har yanzu ina ji. Shi ya sa za ki zauna kusa da ni a mota."

Na janye kujerar.

A falo ta tsaya gaban mijinta. Ta gyara masa wuyan riga da ya lanƙwashe, ta wuce. Ya biyo mu a baya da motarsa.

Ba ɓangaren da aka kwantar da ita wancan karon ba ne, wani gini ne daban, ta baya, da bishiyoyi. Amma ƙofar shiga ɗaya ce, warin ma ɗaya ne. Da muka shiga ta damƙe hannuna a daidai wurin nan. Ba ta tsaya ba.

Kafin ma'aikaciyar jinya ta ce mu fita, ta jawo ni ta ce, "Wanda kika karanta min ta ƙofa, na gaske ne, na ji."

Na ce, "To a ina take ɓacewa?"

Ta ce, "Ba zan faɗa ba. Ki nemo." Ta kwanta ta juya wa bango fuska.

Yanzu ina gida. Ƙofar ɗakin a buɗe take, Umma ta cire zanin gado ta jiƙa. Ta zuba abinci a faranti uku, ta tsaya tana kallonsu, ta mayar da ɗaya tukunya. Na buɗe kwamfutar na duba, lambar ƙarshe tana ɓacewa har yanzu, na rufe.

Na ce ba zan bari a mayar da ita ba. An mayar da ita, kuma ni na riƙe mata jaka.